Masu Ɗinka wa Jirgin Sama Riga

 

A wannan wata wata 'yar rigima ce ta kawo mu, wadda ta tashi a wani gida bayan kasuwar Malam Atta, a nan New Town. Wani dattijo abokin zamanmu bayan la'asar ya zo majalisa rai a ɓace, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba, ya ce jikansa ya lalace. Muka ce subhanallahi, Alhaji, me ya yi? Ya ce tun da uban yaron ya sayo masa wata tsohuwar kwamfuta a Circle, yaro ya daina fita ƙwallo, ya daina zama wurin shan ataya da tsaransa, kullum yana ƙule a ɗaki har tsakar dare. Shi dai Alhaji bai ga alamar komai ba sai sakawa.

To, ba mu ga laifinsa ba. Duk wanda ya zauna a Nima ko Maamobi a shekarun 2000, lokacin da shagunan intanet suka cika lungu-lungu, ya san abin da ke sa gaban iyaye faɗuwa idan suka ga yaro ya liƙe wa kwamfuta. Ita kanta kalmar sakawa daga bakinmu aka ɗauke ta har ta shiga jaridun ƙasar nan, ta zama tambarin da ake manna wa 'yan Zango ko sun ci ko ba su ci ba. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma tun da an ce gani ya kori ji, sai muka ce wa Alhaji mu je tare mu gane wa idonmu.

Muka tarar da yaron, ɗan kimanin shekara goma sha bakwai, ya durƙusa ya gaishe mu, ya ba mu kujera. Abin da ke kan allon kwamfutarsa kuwa, da farko ba mu gane kansa ba. Kun san yadda ake feɗe ragon layya a shanya fatar a ƙasa, a kafe ta da ƙusoshi, wuya nan, ƙafafu can? To haka abin yake, sai dai fatar ta jirgin sama ce. Ga gefen dama a shimfiɗe, ga na hagu a ƙarƙashinsa, ga jela a wani lungu, ga murfin inji an yanka shi biyu an ajiye. Yaron ya ce, “Baba, riga nake ɗinka wa jirgi.” Ya danna wani abu, sai ga fatar nan ta naɗe jikin jirgi sukutum, yana tsaye a filin jirgin Accra, Ankararmu ta bakin dattawa, da ja da ruwan ɗorawa da kore a jikinsa, ga baƙin tauraro. Alhaji ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Kai, wannan ai Ghana Airways ne.”

Bari mu yi wa waɗanda ba su sani ba bayani kaɗan. Akwai wata irin manhaja da ake kwaikwayon tuƙin jirgin sama da ita. Mutum yana zaune a ɗakinsa zai ga kansa a kujerar direban jirgi, ga agogunan gaba, ga titin tashi, ga gajimare. Ba sabon abu ba ne. Kamfanin Microsoft ya fitar da tasa, mai suna Flight Simulator, tun 1982. Akwai X-Plane wadda ta fito a 1995, akwai kuma FlightGear ta 1997, wadda kyauta ce, ko pesewa ba a biya. Wadda Microsoft ya fitar a 2020 da hotunan tauraron ɗan'adam aka shimfiɗa mata duniya, har mutum yakan tashi daga Accra ya leƙo rufin kwanon Nima ta taga. Sai dai irin wannan tana son kwamfuta mai ƙarfi da intanet mai gudu, abin da ba kowane gida ke da shi ba. Yaronmu da tsohuwar ta 2006 yake fama, wadda suke kira FSX, kuma tana yi masa aiki.

Jiragen da ke cikin waɗannan manhajoji sukan zo da rigunan wasu kamfanoni ƙalilan, ko ma farare fat. Wanda yake son ya ga jirgin ƙasarsu, sai dai ya zauna ya yi masa fenti da kansa. A nan ne sana'ar take, kuma a nan muka daɗe, domin mun sa yaron ya nuna mana daki-daki.

Wanda ya ƙera siffar jirgin a kwamfuta yakan saki wannan shimfiɗaɗɗiyar fata ga masu son yin fenti. Ana buɗe ta da manhajar gyaran hoto, ko Photoshop ga mai kuɗi, ko GIMP ga irinmu, domin ita ma kyauta ce. Fatar ba falle ɗaya ba ce. Ku ɗauka an jera fararen ledoji masu nuna abin da ke bayansu, ɗaya bisa ɗaya. Na can sama yana ɗauke da ƙusoshin jikin jirgi da layukan da ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, da ƙofofi da tagogi. Wani fallen na datti ne, baƙin hayaƙin bayan inji da zirin mai a ƙarƙashin fiffike. Na can ƙasa fari ne. Mai fenti yana saka nasa fallen a tsakiya, ya zuba launi a nan, don kada fentinsa ya binne ƙusoshi da tagogi. In ya kuskura ya shafa a saman komai, jirgi zai fito sumul kamar robar wasan yara, duk mai ido zai gane aikin ɗan koyo ne. Akwai kuma wani ɓoyayyen falle da ba a ganinsa, baƙi da fari kawai, shi ke gaya wa manhajar inda jiki zai yi ƙyalli da inda zai dushe, domin cikin jirgin da aka bari da zallar ƙarfe ba ya ɗaukar rana kamar bayansa mai farin fenti.

Wahalar da ta fi kowace ita ce ta layi. Jikin jirgi kamar gora yake, ya yi kauri a tsaka, ya tsuke a hanci da wutsiya. Layin da ka ja a miƙe a kan shimfiɗaɗɗiyar fata, in ta naɗe jikin jirgi sai ka gan shi ya karkace wajen hanci kamar hular da aka kafa a gefe. Ga shi kuma gangar jikin sau da yawa an raba ta gida biyu ko uku a fatar, dole layin da ya fita daga wannan yanki ya shiga na gaba daidai wa daida, ko ɗigo ɗaya aka samu saɓani za a ga tsani a jikin jirgi. Yaron ya ce akwai daren da ya buɗe manhajar ya rufe ya fi sau talatin a kan layi ɗaya: ya gyara, ya ajiye, ya tayar da jirgi ya duba, ya koma. Ana cikin haka in wuta ta ɗauke bai ajiye ba, shi ke nan, aikin dare ya bi ruwa.

Sai rubutu. Ya nuna mana aikinsa na farko muka yi dariya har da hawaye, domin a gefen dama sunan kamfanin ya fito a juye kamar an duba a madubi. Wasu masu ƙera siffar, don tsimin wuri, sukan sa ɓangarori biyu su ci daga fata ɗaya, sai abin da ka rubuta a hagu ya fito a birkice a dama. Ita FSX ma tana son a kifa hoton, sama ta koma ƙasa, kafin a ajiye shi a irin fayil ɗin da take karantawa, sannan a buɗe wata 'yar takardar bayanin jirgin a rubuta mata sunan sabuwar rigar, in ba haka ba ko ta ga rigar ba za ta san da ita ba. X-Plane ta fi sauƙi ta nan, jaka guda ce ake zuba rigunan a ciki. Rubutun Larabci kuwa nasa ciwon kan daban ne: in ba a saita manhajar gyaran hoton ba, sai ta wawwatsa haruffa, ta jera su daga hagu, kowane baƙi a tsaye shi kaɗai. A nan karatun allo ya yi wa yaron rana, domin yana gani ya san an yi ɓarna, alhali wani can a Turai zai saki abinsa haka bai sani ba.

Lambar jirgi ma ba a rubuta ta da ka. Kowace ƙasa da harafinta: na Ghana 9G, na Nijeriya 5N, na Nijar 5U. Ƙa'idar hukumar sufurin sama ta duniya ta ce lambar da ke ƙarƙashin fiffike kada tsayinta ya gaza santimita 50, ta jikin jirgi ko jela kuma santimita 30. Yaron ya san wannan, mu da muka shekara hamsin muna jin ƙarar jirgi a kanmu ba mu sani ba.

To me ya sa ya zaɓi Ghana Airways, kamfanin da ya mutu tun ba a haife shi ba? Ya ce a bakin kakansa ya ji sunan.

Ai kuwa dole ya ji. An kafa Ghana Airways a Yulin 1958, shekara guda da 'yan watanni bayan samun mulkin kai, gwamnati na da kashi 60, kamfanin BOAC na Ingila na da 40, kafin gwamnatin Nkrumah ta saye rabon Turawan a 1961. Kafin nan jiragen haɗin gwiwar ƙasashen Afirka ta Yamma renon Ingila ne ke yi mana jigila. A farkon shekarun 1960 aka sayo jiragen Ilyushin daga Tarayyar Sobiyat, sannan aka kawo VC10 na Ingila a tsakiyar shekarun, mai inji huɗu a can baya wajen wutsiya, wanda tsofaffin Nima har yau in sun tuna ƙararsa sai sun toshe kunne. A 1983 DC-10 mai lamba 9G-ANA ya iso, mai inji uku, ɗaya a gindin jela. Shi ne wanda yaron ke wa riga. Launukan kuwa na tutar da Theodosia Okoh ta zana ne a 1957. Zamanin da jirgin nan ke sauka a Landan da New York, ɗan Ghana da ke can in ya hango baƙin tauraron nan ta gilashi ji yake kamar ya taka ƙasar gida.

Yadda abin ya ƙare kowa ya sani, ba sai mun tona ba. Bashi ya kai kimanin dala miliyan 160, Amurka ta hana jiragen kamfanin shiga ƙasarta a Yulin 2004, a 2005 aka rufe shi. Wanda aka kafa a madadinsa, Ghana International Airlines, bai wuce 2010 ba. Ɗaya daga cikin DC-10 ɗin ma gidan cin abinci aka mai da shi kusa da filin jirgi a 2013, aka shafe shi da koren fenti tun daga hanci har wutsiya. Maƙwabtanmu ma ba su tsira ba. Air Afrique mai kan barewa ya faɗi a 2002, Nigeria Airways mai giwa da fiffike ya bi shi a 2003. Jiragen an yanka wasu an sayar da ƙarfen, wasu sun ruɓe a gefen fili. Abin da ya rage shi ne kamanninsu, su ma a hotuna da ƙwaƙwalwar tsofaffi.

Mu dai a ganinmu, abin da yaron nan ke yi ba baƙo ba ne a unguwannin nan. Ku tuna masu rubutun mota. Wane ne a cikinmu bai taɓa tsayawa yana kallon mai fenti ya jingina tsani a jikin babbar motar katako ba, da gwangwanayensa da ɗan burushi, yana jan layi da zare da alli, yana rubuta “Haƙuri Maganin Duniya” ko “Allah Ya Kiyaye” a goshin motar da za ta ɗauki goro zuwa arewa? Su ne suka yi allunan aski, su ne a shekarun 1980 da 1990 suka riƙa zana hotunan fim a kan buhun fulawa don gidajen bidiyo. Da injin buga manyan hotuna ya zo, kasuwarsu ta mutu, wasu suka koma gadi, wasu suka koma gida. Sana'ar ba ta mutu ba, wuri ta sauya. Ku bi titin New Town ku ƙirga gidajen ɗab'i, ku leƙa ciki ku ga samarin da ke zaune gaban kwamfuta suna tsara katin biki da kalandar makaranta da fostar 'yan siyasa. Falle bisa falle suke aiki, da irin manhajar da yaronmu ke wasa da ita. Wanda ya iya daidaita layi a hancin DC-10, tsara allon shago ba zai gagare shi ba, haka nan lulluɓe motar kamfani da hoton talla, wanda shi ma shimfiɗaɗɗen zane ne ake naɗa wa abu mai lanƙwasa.

Kada a ce mun ce wannan zai mai da yaro direban jirgi. Makarantar tuƙin jirgi kuɗinta ba na ɗan Zango mai sayar da waake ba ne, sai wanda Allah ya tsaga da rabonsa. Kuma mun gaya wa yaron a gaban kakansa cewa rigar jirgi ba ta ɗauke masa sallar asuba ba, ba ta kuma rubuta masa jarrabawa. Wanda ya kwana yana fenti ya tashi da rana tsaka, ko me ya zana, ya yi asara. Mun kuma ja masa kunne a kan haƙƙin mutane. Fatar da wani ya sha wahalar ƙerawa ya ba ka kyauta, in ka saki aikinka ka ambaci sunansa. Tambarin kamfani kuma na masu shi ne, a yi don sha'awa a raba kyauta, kada a ɗora masa farashi.

Ƙorafinmu na gaske ma ba a kan yaron yake ba. Ya gaya mana abokansa biyu da suke wannan harka, ɗaya a Kotobabi ɗaya a Maamobi, ba abin da suke so sai Emirates da Qatar, waɗanda dubban mutane a duniya sun riga sun yi musu riguna sun fi a ƙirga. Me za ka ƙara a can? Alhali ga Kabo Air na Kano, wanda ya yi shekaru yana kwasar alhazai da manyan Boeing 747, ga Air Afrique, ga tsofaffin jiragenmu na nan gida, ga ma Africa World Airlines da ya fara tashi a 2012. In 'ya'yanmu ba su yi waɗannan ba, sai mu jira wani Bature mai sha'awa ya yi mana, ya sa koren da ya ga dama.

Da muka faɗi haka sai yaron ya ce, “Baba, ba ƙi muka yi ba, hotuna ne babu.” Ya yi gaskiya. Mai wannan aiki ba ya yin komai sai da hoto, kuma ba ɗaya ba. Yana son gefen dama da na hagu, yana son ƙarƙashin fiffike, yana son kusa da ƙofa inda ake ƙananan rubuce-rubuce. Kamfani kuma yakan sauya riga, ta 1965 daban da ta 1990, dole ka san shekarar da kake bi. Yawancin hotunan jiragenmu da ke intanet a filayen Turai aka ɗauke su, daga nesa, ƙarƙashin hazon can. Tsohon hoto kuma yakan koɗe, ja ya koma ruwan goro, kore ya yi duhu, in ka ɗebi launi daga guda ɗaya ka yi kuskure, sai ka gwada uku ko huɗu.

Alhali hotunan suna nan a gidajenmu. Kakanninmu da ƙafa da jaki da mota suka yi hajji, ta Kano da Maiduguri da Fort Lamy har bakin Bahar Maliya, wasu shekaru suke yi a hanya, wasu ba su dawo ba. Da jirgi ya zo, tafiya Makka ta zama bikin unguwa. Ana cika motoci a raka maniyyaci filin jirgi, a koma taryensa da kiɗa, kuma da wuya a watse ba a ɗauki hoto ba. Alhazai da yawa sun tsaya a gindin matakala an ɗauke su, jirgi na bayansu ƙato, rubutunsa ɓaro-ɓaro. Waɗannan hotuna suna cikin akwatunan ƙarfe a ƙarƙashin gado, tare da tsohon fasfo da katin allurar shawara, damina tana cin su kaɗan-kaɗan, in ambaliya ta shigo ɗaki kuma, kamar yadda takan yi wa na bakin babban kwalbatin Nima, a kwashe su a zubar da shara. Muna roƙon Hajiyoyi da Alhazai, da 'ya'yan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, a buɗe akwatunan nan. Ba a ce ku ba da hoton ba. A kai shi ɗaya daga cikin gidajen ɗab'in New Town a ɗauki kwafinsa a kwamfuta, minti biyar ya isa, a mayar muku da abinku. A rubuta shekara a baya in an tuna. Tikitin jirgi ma da takardar da ake ɗaura wa jaka suna da amfani, domin a jikinsu ake samun tambarin kamfani da ainihin launinsa, rana ba ta taɓa shi ba.

Alhaji bai ce uffan ba duk wannan bayani. Can sai ya miƙe ya shiga ɗakinsa, muka ji ƙarar akwati. Ya fito da wani hoto mai lanƙwasasshen gefe, shi ne a ciki da sauran ƙuruciyarsa, da farar jallabiya da buta a hannu, a bayansa ga jikin jirgi ya cika hoton. Ya miƙa wa jikan, ya ce a kula masa da shi. Yaron ya karɓa da hannu biyu, ya kai kusa da allon kwamfuta yana gwadawa, sai ya ce, “Baba, ashe rubutun nawa ya yi ƙasa da yawa.” Alhaji ya ce ai tun ɗazu ya gani, bai dai so ya faɗa a gaban baƙi ba.

Wanda ke da irin waɗannan hotuna yana iya kawo su ofishin wannan mujalla, za mu haɗa shi da yaran. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.